Shawarwari ga mai fara koyon Swahili

Yana da kyau a fara daga aikatau, domin kalma ɗaya kan ɗauki jimla sukutum. Dubi ninasoma ("ina karatu"): ni ita ce "ni", na lokacin yanzu, soma karatu (ba somawar Hausa ba!). Sa li a gurbin na, an koma jiya. Sa ta, an tafi gobe.

Korewa ke kayar da ɗalibai. Sisomi ("ba na karatu") ake cewa: ni ta koma si, na ta faɗi, a ta ƙarshe ta zama i.

Sunaye kuma aji-aji suke, sifa na bin ajin sunanta: kitabu kizuri (littafi mai kyau), vitabu vizuri (littattafai masu kyau). Don haka a haddace tilo da jam'i tare. Babu bambancin "shi" da "ita", yeye ta wadatar.