Littafina ya maƙale a babi na 9, a taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa marubuta. Daga Garwa ta Kamaru nake, tun 2021 nake fama da littafi guda, labarin wata yarinya mai tallan kifi a bakin kogin Binuwai. Babi 8 sun tafi sumul amma da na kawo inda za ta shiga kasuwa ciniki sai komai ya tsaya cak.

Matsalar hirar ce. Mu nan Hausarmu a cakuɗe take da Fillanci da Faransanci, a numfashi ɗaya mutum zai ce maka "jam na", ya yanka kuɗi a sefa, ya rufe da "mersi". Na mayar da hirar Hausar Kano zalla, wallahi sai yarinyar ta koma kamar mai karanta labarai a rediyo, ba ita ba ce sam. Na rubuta yadda muke yi ɗin na tura ma wani abokina a Kano ta WhatsApp, ya ce rabi bai gane ba. Na sa fassara a ƙasan shafi, nan kuma abin ya zama ƙamus, ni kaina na gaji da karantawa.

Don Allah ya kuke rubuta hirar mutane masu gauraya harshe ba tare da mai karatu ya ɓata ba?