Wane suna za mu ba "pod" ɗin injin gahawa da Hausa?

Mai Fassara:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana a kan kalma ɗaya. Akwai injin haɗa gahawa na gida wanda ba a zuba masa gari da cokali. Garin yana zuwa ne a rufe cikin wani ɗan mazubi, shan mutum ɗaya, a saka shi a inji, a danna maɓalli, gahawa ta zubo a kofi, a jefar da mazubin. Turawa na ce masa pod, wasu kamfanonin kuma capsule. Ana son rubuta bayanin yadda ake haɗa gahawa mai ƙanƙara da irin wannan inji, kuma kusan kowane layi sai an ambaci abin nan. Ba zai yiwu a yi ta maimaita "ɗan mazubin da garin ke ciki" ba. Kalmomin da ke gabana su ne kafso, batta, ƙulli da kwanso. Wacce ta fi dacewa? Abin shan kuwa gahawa zan riƙa ce masa, don kada ya rikice da kofin da ake zuba shi a ciki.

Injiniya:
Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a raɗa suna a san jaririn tukuna, domin abin ba iri ɗaya ba ne. Na Nespresso, wanda kamfanin Nestlé ya fito da shi a Suwizalan a 1986, na alminiyom ne, ƙarami, garin da ke ciki giram 5 zuwa 6. Idan aka rufe inji, wasu 'yan wuƙaƙe uku suna huda bayansa, famfo ya tura ruwan zafi da matsi mai ƙarfi, har "bar" 19 a ma'aunin matsi kamar yadda kamfanin ya rubuta, matsin ya fasa siririn murfin gaba, gahawa ta fito da kauri da kumfa a kanta. Maɓallansa biyu ne: ƙarami mililita 40, babba mililita 110.

Na Keurig na Amurka, wanda suke kira K-Cup, na roba ne, ya fi girma, akwai matatar takarda a cikinsa, garin kuma giram 9 zuwa 12. Allura ɗaya ta huda murfi daga sama, ɗaya ta huda gindi, ruwa ya ratsa ba da wani matsi mai yawa ba. Shi yakan ba da mililita 180, 240, 300, wasu har 350.

Sai na uku, irin na Senseo, wanda kamfanonin Philips da Douwe Egberts suka fitar a Holan a 2001. Wannan ba shi da tauri ko kaɗan: gari ne kimanin giram 7 tsakanin takarda biyu masu laushi, a zagaye, a baje. Ba a huda shi, ruwa ne kawai ke bi ta jikin takardar. Kalmar da za ta dace da biyun farko da wuya ta dace da shi.

Malamar Hausa:
Madalla da wannan bayani, Injiniya, ka rage mana aiki. Batta dai a cire ta. Batta ana buɗe ta a ɗiba a rufe, gobe a sake buɗewa, mai ita yana adana ta. Wannan kuwa ba a buɗe shi da hannu, kuma sau ɗaya ake amfani da shi. Kafso kuma Bahaushe ya riga ya ba shi aiki: magani ne da ake haɗiya da ruwa. Wanda ya ga "kafson gahawa" a rubuce zai ɗauka wata ƙwaya ce ta hana barci, ba zai kawo inji a ransa ba.

Ni kwanso nake gani. Abu ne mai ɗan tauri da ya rufe abin amfani ruf, sai an fasa shi ake kaiwa ga na ciki, in an gama kuma a yar. Duk siffofin nan uku suna jikin na alminiyom da na roba. Na takardar kuwa ƙulli ne sak: ɗan gari da aka auna aka ɗaure a abu mai laushi, daidai buƙata ɗaya.

Mai Gahawa:
Na bi bayan Malama. Bari in gwada kalmar a cikin aiki mu ji ko ta zauna a baki.

In injinka irin mai matsi ne, ɗauki kwanso biyu. Ka fara danna maɓalli babu kwanso a ciki, ruwa zalla ya wuce, ya wanke baki ya ɗumama bututu, ka zubar. Saka kwanso na farko, danna ƙaramin maɓalli, mililita 40, a cikin ɗan kofi daban. Cire shi, saka na biyu, ka sake. Yanzu kana da mililita 80 na gahawa mai kauri. In da sukari za ka sha, yanzu ne lokacinsa, tana da zafi, ka juya har ya narke. Cika babban kofi mai cin mililita 350 da ƙanƙara, kimanin giram 150, ka juye gahawar a kai gaba ɗaya, ka juya da dogon cokali na daƙiƙa goma zuwa goma sha biyar. Sannan madara mai sanyi mililita 100 zuwa 120, ko ruwan sanyi in baƙa kake so.

In kuma mai allura ne, kwanso ɗaya ya isa, amma ka zaɓi ma'auni mafi ƙanƙanta, mililita 180 ko ƙasa da haka in injin yana da shi. In akwai maɓallin ƙara ƙarfi ka danna, aikinsa shi ne rage gudun ruwa don ya daɗe a cikin gari. Kofin ya zama babba sosai, mai cin rabin lita, ƙanƙara cike har baki. Kada hannunka ya kai ga maɓallin 300 ko 350, abin da zai fito ruwa ne mai launin gahawa.

"Saka kwanso, cire kwanso, kwanso biyu." Kunne bai ƙi ba.

Mai Fassara:
Ya zauna kam. Amma Malam Mai Gahawa, me ya sa ake tsananta batun ƙaramin ma'auni haka? Mai karatu zai ce ai ƙanƙara sanyaya abu take yi, ba ƙara masa ruwa ba.

Malamar Kimiyya:
Bari in amsa wannan, don nan ne yawancin mutane ke ɓata kofinsu. Ƙanƙara ba ta sanyaya abu sai ta hanyar narkewa. Giram ɗaya na ƙanƙara yana shanye zafi jul 334 (jul ma'aunin yawan zafi ne) kafin ya zama ruwa. Shi kuma giram ɗaya na ruwa yana sakin jul 4.2 a duk digiri ɗaya da ya sauka. Gahawa tana isowa kofi a wajen digiri 80 zuwa 85. Kafin ta sauko kusa da sifili, kowane giram nata ya saki jul 340 zuwa 350. Ka ga ke nan lissafin ya tashi kusan ɗaya da ɗaya: duk giram na gahawa mai zafi sai ya narkar da kusan giram na ƙanƙara.

To mililita 180 za ta koma wajen 350 a kofi, ƙarfinta ya ragu da rabi. Mililita 300 za ta nemi ƙanƙara giram 300 ta narkar, garin giram 10 ya ɓace a cikin ruwa fiye da rabin lita. Mililita 80 kuwa giram 80 kacal za ta ci, sauran ƙanƙarar ta tsaya da ƙwarinta tana riƙe sanyi. Shi ya sa ƙaramin ma'auni ba son rai ba ne.

Wani abin da ke ba mutane mamaki: rage ƙanƙara ba ya hana gahawa tsinkewa. In ka saka guda uku kawai, duk za su narke, abin ya tsaya a ɗumi-ɗumi, ga ruwa ya ƙaru ga sanyi bai samu ba. In ta yi yawa, narkewar na tsayawa da zarar sanyi ya kai, daga nan sai a hankali. Manyan gutsattsari kuma sun fi daɗewa a kan dakakkiya. A ɗauko ta daga firiza kai tsaye tana bushe, domin wadda ta zauna a waje ta fara zufa ruwan jikinta ma ƙari ne.

Uwargida:
Sannunku da ƙoƙari. Ni fa ina da ja a kan kwanso. A bakin mutane, in aka ce kwanso an fi nufin wanda aka riga aka cinye na ciki, fanko ke nan. Wanda aka aika ya sayo "kwanson gahawa" ba zai tsaya yana tunanin ko shara aka aike shi ba? Kuma mu faɗi gaskiya, a jikin kwali capsule aka rubuta, masu sayarwa kafso za su ce ko mun so ko mun ƙi.

Malamar Hausa:
Hajiya, maganarki tana kan hanya, amma duba: ana cewa gyaɗa mai kwanso, ana nufin tana ciki ba a ɓare ba. Kalmar ba ta hana a cike yake ba. Kuma muna buƙatar rabewar nan ma a rubutu: sabon kwanso da tsohon kwanso, ko wanda aka huda. Batun masu sayarwa kuwa, a farkon bayani sai a faɗa sau ɗaya cewa shi ne wanda wasu ke kira kafso, daga nan a ci gaba da kwanso. In kalmar ta yi wa mutane daɗi za su ɗauka.

Uwargida:
To na yarda, in dai za a ambaci kafson sau ɗaya don kada a bar kowa a baya. Tunda an zo kan tsohon kwanso, a rubuta da babbar murya cewa ba a maimaita shi. Zagayen farko ya kwashe ƙamshi da zaƙin da ke cikin garin, na biyu ɗaci ne da ruwa. Mai son ƙari ya saka sabo.

Sai sukari. Ba ya saurin narkewa a abu mai sanyi, zai kwanta a gindin kofi kana jin sa garas-garas a kurɓin ƙarshe. Ko dai a saka shi gahawa na da zafi kamar yadda aka faɗa, ko a dafa ruwan sukari a ajiye: kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a wuta kaɗan har ya narke tas, a huce, a zuba a kwalba mai tsabta a saka a firij. Cokalin shayi biyu zuwa uku ya isa kofi guda. A sani kuma sanyi yana rage jin zaƙi a harshe, abin da ya yi daidai da zafi zai iya yin salam in ya yi sanyi.

Kofin ma a kula. Siririn gilashi mai sanyi in ruwan zafi ya sauka a gefe ɗaya yana iya tsagewa nan take. A yi amfani da na ƙarfe, ko gilashi mai kauri da aka yi don zafi, kuma a sa gahawar ta sauka a kan ƙanƙara, ba a jikin kofi ba.

Mai Fassara:
Alhamdu lillahi. Abin da zan rubuta ke nan: kwanson gahawa ga mai tauri, ƙullin gahawa ga na takarda, inji kuma injin gahawa mai kwanso. Saura guda. Akwai wadda ake kira cold brew, ita ma gahawa mai ƙanƙara za a ce mata?

Mai Gahawa:
A'a Malam, a raba su, don ba hanyarsu ɗaya ba. Waccan jiƙo ce: gari mai tsaki-tsaki ake jiƙawa a ruwan sanyi awa 12 zuwa 24 a tace, wuta ba ta taɓa ta. A ce mata jiƙon gahawa. Injin kwanso ba ya yin ta. Ko injinan da ke da maɓalli mai hoton ƙanƙara, yawancinsu da ruwan zafi suke aiki, ruwan kawai suke ragewa ko su sassauta zafinsa.

Zaɓin kwanso ma yana da tasiri. Gahawar da aka gasa sama-sama tsaminta ke fitowa fili in ta yi sanyi, madara kuma ta danne ta. Wadda aka gasa tsaka-tsaki ko ta yi duhu ta fi jure ƙanƙara da madara. Mai son kada ta tsinke ko kaɗan ya haɗa kwanso biyu ko uku tun da wuri, ya bari ta huce, ya zuba a farantin ƙanƙara ya daskarar. Gutsattsarin nan in sun narke gahawa suke ƙarawa. A rufe farantin, domin ƙanƙara na ɗaukar warin duk abin da ke cikin firiza. Kuma kada a tura kofi mai zafi cikin firij a ce sai ya yi sanyi: kafin awa ɗaya ko biyu ƙamshin ya tashi, ɗanɗanon ya kwanta.

Injiniya:
Ƙarin bayani ga wanda ya bi duk ƙa'idar nan amma gahawar ta ci gaba da fitowa tsararo ko tana ɗiga da ƙyar. Laifin yawanci na inji ne. A mai allura, gari yana toshe ramin allurar sama ko ta ƙasa. A cire wuta, a miƙar da ɗan siririn waya irin na maƙale takardu, a zura a ramin a hankali a kaɗa, allurar tana da kaifi a kiyaye yatsa, sannan a wuce da ruwa zalla sau biyu babu kwanso. In ruwa na zubowa ta gefe zuwa farantin ƙasa, kwanson bai zauna daidai ba ne, ko ba na wannan injin ba ne, ko gari ya maƙale a bakin da ke matse shi. Kwanson wani kamfani ba ya shiga injin wani sai in an rubuta a kwali cewa ya dace da shi.

In kuma ma'aunin ya fara raguwa, ko ruwan ba ya zafi kamar da, farin gishirin da ruwa ke bari ne ya daskare a bututu. Ruwan da bai yi zafi sosai ba ba ya fitar da abin da ke cikin gari, sai gahawar ta fito da tsami ba ƙarfi, ƙanƙara kuma ta ƙarasa ta. A wanke cikin injin duk wata uku zuwa shida da maganin wankin da kamfanin ya ambata a littafin injin, a bi shi da tanki guda ko biyu na ruwa mai tsabta kafin a saka sabon kwanso.