Shin Amurka da Birtaniya suna da ikon dakatar da kisan Auschwitz a 1944?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Akwai wata magana da masana tarihi suka daɗe suna jayayya a kanta, cewa a tsakiyar 1944 Amurka da Birtaniya suna da ikon ruguza ɗakunan iskar guba na Auschwitz-Birkenau, sansanin kisa da Jamus ta 'yan Nazi ta kafa a kudancin Poland lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ko su datse layin dogon da ke kai Yahudawa can, amma suka ƙi. Ni dai ina ganin zargin yana da tushe. A watan Afrilun 1944 fursunoni biyu, Rudolf Vrba da Alfred Wetzler, suka tsere daga sansanin, suka ba da rahoto mai ɗauke da zanen wurin. Daga 15 ga Mayu zuwa 9 ga Yuli kuwa aka kwashi Yahudawan Hangari kimanin 437,000, kusan dukkansu zuwa Auschwitz, inda aka kashe mafi yawansu da saukarsu daga taragu. Ba za a ce ba a sani ba.

Dakta Maryam: Wa'alaikumus salam, Malam. Ba na musun cewa sun sani, domin tun 17 ga Disamba 1942 ƙasashen ƙawance suka fito fili suka yi tir da kisan ƙare dangin da Jamus ke yi wa Yahudawa. Inda na saɓa da kai shi ne lokaci. Sai a watan Yuni rahoton Vrba ya isa hannunsu ta Suwizalan, lokacin da an riga an kwashe akasarin Yahudawan Hangari, kuma a farkon Yuli shugaban ƙasar, Miklós Horthy, ya dakatar da jigilar. Layin dogo kuma abu ne da Jamusawa kan gyara cikin 'yan kwanaki, wani lokaci ma cikin sa'o'i.

Malam Habibu: Dakta, ai ba a daina kisa a Yuli ba. A watan Agusta an kawo Yahudawan birnin Lodz fiye da 60,000, kuma ɗakunan gubar ba su tsaya ba sai a Nuwamba. A ranar 20 ga Agusta jiragen Amurka da suka taso daga kudancin Italiya sun yi wa masana'antar kamfanin Jamus na IG Farben da ke Monowitz ruwan bama-bamai, tazararta da Birkenau kuwa ba ta kai kilomita goma ba. Duk da haka John McCloy, mataimakin sakataren yaƙi na Amurka, ya riƙa mayar da amsa cewa aikin zai janye jirage daga fagen dagar da ake buƙatarsu. Jiragen da ke shawagi a saman garin ne za a janye daga ina?

Alhaji Nura: Ku yi mini afuwa in sa baki. Kada mu manta cewa shugabannin Yahudawa su kansu ba su zama baki ɗaya ba. A watan Yuni majalisar Hukumar Yahudawa da ke Ƙudus, ƙarƙashin David Ben-Gurion, ta ƙi neman a kai harin, don gudun kada a kashe Yahudawan da ke tsare. Daga baya ne shugaban hukumar, Chaim Weizmann, ya miƙa buƙatar ga sakataren harkokin wajen Birtaniya, Anthony Eden, a Landan. Fargabarsu kuwa ba ta banza ba ce, domin a ranar 13 ga Satumba bama-baman da aka nufi masana'antar da su sun kauce, suka faɗa cikin sansanin, suka kashe fursunoni tare da wasu dakarun SS, rundunar 'yan Nazi da ke gadin sansanin.

Dakta Maryam: Abin da nake nufi ke nan, Alhaji. Jiragen wancan zamani daga can ƙololuwa suke sako bam, ga kuma dubban fursunoni a ɗakunan kwana kusa da gine-ginen da ake so a rusa. Sannan ko da an rusa su, masu kisan ba su rasa wata hanya ba: a Babi Yar kusa da Kiev, da bindiga aka harbe Yahudawa 33,771 cikin kwana biyu a Satumban 1941. Sansanonin kisa na Treblinka da Belzec da Sobibor duk an rufe su kafin ƙarshen 1943, wato mafi yawan Yahudawa miliyan shidan da aka kashe sun riga sun mutu kafin wani jirgin Amurka ya iya kaiwa kudancin Poland. Ina kuma mamakin yadda ba a cika tuhumar Tarayyar Sobiyet ba, alhali dakarunta sun fi kowa kusa, tun da a Yuli suka shiga sansanin Majdanek da ke gabashin Poland.

Malam Habibu: Na yarda harin ba zai ceci miliyoyi ba, kuma na yarda Mosko ma tana da abin amsawa. Amma da an zauna an auna yiwuwar aikin aka ga ba zai yiwu ba, da sai in yi shiru. Tun farkon 1944 ma'aikatar yaƙin Amurka ta tsai da manufar cewa ba za a yi amfani da soja wajen ceto ba, don haka amsar a shirye take kafin buƙatar ta iso. Firaministan Birtaniya Churchill ya umarci Eden ya nemi abin da rundunar sama za ta iya yi, maganar ta mutu a ofisoshi. A Agusta da Satumba na shekarar nan kuwa, jirage sun tashi daga Italiya har Warsaw, wadda ta fi Auschwitz nisa, suna jefa wa 'yan tawayen birnin da ke yaƙar Jamusawa makamai, duk da asarar matuƙa da aka tafka. Dakta, idan nisa da haɗari ne dalili, yaya aka yi aka je Warsaw?