"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka": ta dace da wa'azin amanar aure?

Dattijon Aboabo: Jama'a, sallama. Wasu fastoci a nan Kumasi suna kawo wannan karin magana in suna yi wa masu shirin aure nasiha kan cuta mai karya garkuwar jiki. Suna cewa amanar mutum ɗaya ba ta kare gida. Ni dai ina ganin an ja maganar inda ba nan ta dosa ba. Jinka rufin ciyawa ne na ɗakin zagaye, a ƙasa ake ɗaure ta, sannan maza su taru su ɗora ta kan bango. Maganar gayya ce, ba ta mata da miji ba. Yaranmu da suka tashi ƙarƙashin kwano ma ba su san ta ba.

Nas ta Asawase: Baba, a yi haƙuri, ta dace. Macen da ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya kamuwa a kan gadon aurenta, in shi yana leƙe-leƙe a waje. Hannunta ɗaya ke nan. Kuskuren wa'azin a wani wuri yake: amana tana kariya ne kawai in dukansu biyu ba su ɗauke da ƙwayar cutar tun farko. Wanda ya kamu shekara biyar kafin aure yana iya zama garau, ya riƙe amana tsakani da Allah, kuma ya sa wa matarsa. Ido ba ya ganewa, sai gwaji.

Malamin Asabar: Yaya Nas, gwajin ma akwai inda yake tuntuɓe. Gwajin ɗigon jini na yatsa ba ƙwayar yake nema ba, yana neman abin da jiki ya ƙera don yaƙar ta, kuma hakan na iya kai kwana 90 kafin ya bayyana. Cocin da ya ce a kawo takardar gwaji mako biyu kafin biki ya sayi kwanciyar hankali ne kawai. Tunda darasin shirin aure yakan ɗauki watanni, tsarin mai sauƙi ne: gwaji a makon farko, su biyun tare gaban ma'aikacin lafiya, a maimaita bayan wata uku, kuma kada wani sabon haɗari ya shiga tsakani. A haɗa da gwajin sikila tunda an riga an je. In gwajin farko ya nuna alama, ba a yanke hukunci sai an tabbatar da wasu gwaje-gwaje daban.

Dattijon Aboabo: To ai kun dawo kan maganata. Ga miji, ga mata, ga likita, ga fasto. Hannu huɗu, gayya ke nan.

Uwar Zumunta: Baba ya ci wannan. Kuma hannun coci a ƙasar nan ba ƙarami ba ne. Ƙungiyar asibitocin Kirista ta CHAG tun 1967 take, asibitocinta sun shiga ƙauyukan da likita ke wuyar gani. Amma ni a kan jinkar nan zan ɗora wata: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wasu coci-coci suna cewa a miƙa sakamakon ga fasto ko kwamitin aure. Nan ake ɓaci. Kwamiti mutum shida ne, kowa da matarsa. Da an ɗage biki, unguwa ta gama fassara. Saboda tsoron haka wasu ke sayen takardar bogi, ko su tura wani ya ba da jini a madadinsu. Dokar Hukumar Yaƙi da Ƙanjamau ta Ghana ta 2016 ta hana tona asirin mai ɗauke da cutar ko nuna masa wariya. Abin da ya kamata fasto ya ji shi ne "mun yi, kowa ya san na ɗan'uwansa". Sauran na mai ɗaki ne.

Nas ta Asawase: Mama, haka ne. Kuma in ɗaya yana da ita ɗaya ba shi da ita, ba dole aure ya mutu ba. Ƙwayar magani ɗaya a rana ce yanzu. Wanda ya sha ba fashi, yawanci cikin wata shida awo zai nuna ƙwayar cutar ta yi ƙasa da 200 a kowace mililita ta jini, kuma a wannan matakin ba ya sa wa abokin kwanciya. Kafin a kai nan, kwaroron roba, ko wanda ba shi da ita ya sha maganin rigakafi na PrEP. In kuma ƙafar wani ta zame a waje, akwai magani na kwana 28 da dole a fara cikin awa 72. Mai jiran Lahadi ya yi iƙirari tukun, lokaci ya wuce shi.

Malamin Asabar: Kwaroron nan ne dai ba kowane coci zai furta daga bagade ba. Wanda ba zai iya ba, ya tura su asibiti kada ya ce haram ne zuwa.

Dattijon Aboabo: Na yarda a ci gaba da faɗar karin maganar, da sharaɗin a bayyana wa yara mece ce jinka. Uwar Zumunta, tambaya ta rage: mai mata uku da zai ƙara ta huɗu a zangonmu, su nawa za su je gwajin?