Musayar waƙa: gaisuwar rashin Pac-12

Ɗan Pullman
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wanda ba ya bin wasannin jami'o'in Amurka: makarantu kan haɗu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya sayar wa gidajen talabijin haƙƙin nuna wasanninsa a dunƙule, a raba kuɗin. Namu rukunin, Pac-12, tushensa tun 1915; sauran manyan rukunan su ne Big Ten, Big 12, SEC da ACC na gaɓar Atlantika. Cikin makarantu 12, goma sun tsere, saura Washington State ta garinmu Pullman da Oregon State. Ƙwar biyu ce, amsa-amo "ba".

Ku taho ku yi min gaisuwar rashi,
Babban gida ya faɗi, bai tashi ba.

USC da UCLA suka fara fita,
Yunin 2022, ba su waiwaya ba.

Big Ten ta kaɗa musu jakar dala,
Zumuntar kaka da kakanni ba su tuna ba.

Juma'a 4 ga Agustan 2023,
Biyar a yini guda, ba a ko kwana ba.

Mu biyu muka saura a kan kufai,
Marayun da ba a ko yi wa kallo ba.

Sarkin Ƙaho
Allah ya ba da haƙuri, ƙanena. Amma gaskiya ɗaya ce:

Ɗan Pullman, share hawayenka haka,
Gawar nan ba kashe ta aka yi ba.

Big 12 ta riga ku gun ESPN da Fox,
Kuna ta yanga, ba ku farga ba.

Shugabanku ya yi shekara yana ciniki,
Ya zo da Apple, bai zo da tabbas ba.

Miliyan 20 da 'yan kai ga kowa,
Saura sai an yi rajista, ba a hannu ba.

Garinku gonar alkama ce zalla,
Alkama ba ta taɓa kallon talla ba.

Mu Texas da Oklahoma mun shiga SEC ranar 1 ga Yulin 2024, ba wanda ya zauna mana makoki.

Hajiya Ta-Columbus
Wa zai muku makoki, ku da kuka kunna wutar sauya rukuni tun Yulin 2021? Zo nan.

Sarkin Ƙaho, rage tinƙaho,
In batun kuɗi ne, matso, taho,
Mai ganin kun fi mu shi ne makaho,
Big Ten ce uwar ɗakin kowa.

Fox da CBS da NBC,
Su uku suka taru suka sa farashi,
Biliyan 7 da ɗori, ba bashi,
Shekara 7, ka gaya wa kowa.

Cotton Bowl, Ohio State ta ba ku kashi,
28 da 14, ka tuna shi,
A Columbus 14 da 7 muka ƙara shi,
Ƙahon ya karye a gaban kowa.

Ɗan Pullman
Hajiya ikon Allah! Ko da yake gidanku ne ya kwashe mana huɗu, yau na yafe miki rabi.

Sarkin Ƙaho
Ka ji maraya yana tafa wa wadda ta kwashe masa ƙofofi.

Autan Zaure
Yayyena a yi haƙuri, daga Kano nake, ga tawa:

Ni dai ƙwallon da ake bugawa da ƙafa na sani,
Taku rungume ta ake yi, ga hular kwano,
A Turai an yi Super League a 2021 magoya baya suka ƙi,
Ku me ya hana ku fita zanga-zanga?

Malam Mai Aruli
Auta, wannan ba waƙa ba ce, wasiƙa ce ka yayyanka gida huɗu. Ɗango huɗu, ƙarshe huɗu: ni, no, ƙi, ga. Ina amsa-amon? Kai ma Ɗan Pullman ba ka tsira ba. Ɗangonka na farko gaɓa 11 ne. Wanda ka cusa kwanan wata a ciki, in an karanta shekarar yadda take, gaɓa 20. Wane numfashi zai ɗauki wannan?

Ɗan Pullman
Allah ya gafarta Malam, ba wanda zai rera "dubu biyu da". "Ashirin da uku" ake cewa. Kuma aruli nauyin gaɓa yake aunawa, ba yawanta ba. Gaɓa biyu marasa nauyi ai suna tsayawa a gurbin mai nauyi ɗaya.

Malam Mai Aruli
Ka cire "dubu biyu da", saura 15. Ka auna nauyin ma, ƙafa ta yi yawa. Gaya min bahari ɗaya da ya hau.

Sarkin Ƙaho
Ni yau ina bayan ƙanena.

Malam, makaɗan fada da na noma,
Wa ya biya musu littafin Halilu?
Kalangu ke auna musu ɗango,
In ta hau kiɗa, ba sauran ƙorafi.

Malam Mai Aruli
Kai ma Halilu da ƙorafi ka haɗa, "lu" da "fi". Makaɗi yana da ganga ta cike masa gurbi. Kai da ka rubuta, ina gangarka? Halilu ɗan Ahmad na Basra ya fitar da bahari 15, Ahfash ya ƙara Mutadarik, malamanmu suka ɗauki waɗanda suka dace da harshenmu suka yi aiki da su. Ba Larabci nake tilasta wa kowa ba. Ka zaɓi awo ɗaya ka tsaya a kai, ko na kalangun ne.

Hajiya Ta-Columbus
Malam bai taɓa baitocina ba, a lura.

Malam Mai Aruli
Hajiya, "shi" sau biyu a jere a baitinki na uku. Kunya ce ta sa na yi shiru.

Yaya Ta-Berkeley
Na shigo a makare, na tarar an bar gawa ana faɗa a kan gaɓa. Auta, tambayarka ba a amsa ba: magoya bayan makarantun da suka tafi murna suka yi, don kuɗi ya ƙaru. Wanda aka bari kuwa ba shi da yawan da za a ji shi. Ga tawa, kan waɗanda ba a ambata ba.

Ku bar rigimar gaɓa, ku saurara,
Akwai yaran da ke kwana a kan hanya.

Ƙofarmu na kallon tekun Pasifik,
An ce mu 'yan Atlantika ne, ka ji duniya.

Ɗan ƙwallon Amurka sau ɗaya a mako,
Jirgin shata gare shi, ina wuya?

'Yar ƙwallon raga fa? Boston, Miami,
Litinin jarrabawa, ido ya yi ja, ba kwanciya.

Ba a tambaye ta ba ranar sa hannu,
Wasu suka ƙirga dala, ita ta samu tafiya.

Daga Berkeley zuwa Boston ya haura kilomita 4,000, agogo ma bambancin awa uku ne.

Ɗan Pullman
Baitin ƙarshe ya taɓa ni, amma ba zan ƙyale ki ba.

Yaya Ta-Berkeley, wa ya kore ki?
Da ƙafarki kika bi ACC, ba a ja ki,
Kashi 30 cikin ɗari aka ba ki,
Sai UCLA ke tallafa miki, ƙanwarki.

Hukumar jami'o'in Kalifoniya ce ta sa UCLA ta riƙa ba Cal, wato jami'arku ta Berkeley, dala miliyan 10 a shekara. Jami'ar SMU ta Dallas da kuka shiga ACC tare ta ma fi ku zumuɗi, ta yafe kuɗin talabijin na shekara 9 don dai a buɗe mata ƙofa.

Yaya Ta-Berkeley
Kashi 30 na abin da yake akwai ya fi kashi ɗari na Apple. Kuma SMU ɗin ta kai wasan ƙarshe na ACC a shekararta ta farko. Ku ina kuka kai?

Malam Mai Aruli
Tunda kun ce gyara kawai na iya, ga baiti ɗaya, gaɓa goma-goma.

Tushen rigima, ku ji, ku lura,
Oklahoma ce ta kai ƙara,
Ita da Georgia suka fara,
Kotun ƙoli ta buɗe kasuwa.

Shekarar 1984 ce, na bar ta a waje don ba ta shiga awo, a koya. Kafin hukuncin, NCAA, ƙungiyar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, ita ce kaɗai ke sayar da wasannin ga talabijin, ita ke ƙayyade sau nawa za a nuna kowace makaranta. Kotu ta ce wannan danne ciniki ne. Daga ranar kowane rukuni ya zama ɗan kasuwa, makaranta kuma darajarta ta koma yawan idon da take jawowa.

Hajiya Ta-Columbus
Allah ya ƙara wa Malam lafiya! Oklahoma da Georgia, dukansu yau 'yan SEC ne. Sarkin Ƙaho, ka ji asalin gidanku.

Sarkin Ƙaho
Ɗazu Malam mai tsangwama ne, yanzu da ya soki SEC ya zama gwani. Wa ya ɗauko Maryland da Rutgers a 2014 in ba don gidajen da ke biyan kuɗin talabijin a Washington da New York ba? Ƙwallon Rutgers aka gani?

Ɗan Pullman
Malam, ɗangonka na biyu tara na ƙirga. O-kla-ho-ma-ce-ta-kai-ƙa-ra.

Malam Mai Aruli
Bahaushe ba ya haɗa baƙi biyu a farkon gaɓa. O-ka-la-ho-ma. Goma.

Ɗan Pullman
To ni ma Bahaushe ba ya rera "dubu biyu da".

Autan Zaure
Wai duk biliyoyin nan, yaran da ke karya ƙashi nawa ake ba su?

Hajiya Ta-Columbus
Auta, da can kuɗin makaranta da abinci da ɗaki. Daga Yulin 2021 aka bar su su yi talla da sunansu. A Yunin 2025 alƙaliya Claudia Wilken ta amince da sulhun da ya sa za a biya tsofaffin 'yan wasa kimanin dala biliyan 2.8, kuma kowace makaranta na iya raba wa 'yan wasanta har miliyan 20.5 a shekarar farko. Shi ya sa wanda rukuninsa ba ya kawo kuɗi yake cikin tasku.

Ɗan Pullman
Kwana biyu aiki ya riƙe ni. Masu cewa mun mutu:

Mun je kotu, gadon gida ya zama namu,
Miliyan 65 suka bari a hannunmu,
Boise da Fresno da San Diego sun bi mu,
2026 za ku ga tashinmu.

Sarkin Ƙaho
Alhamdu lillahi, da bakinka ka faɗa.

Ina ka samo Boise, Ɗan Pullman?
Gidan Mountain West ka fasa da dare.

Fresno, San Diego, Colorado State,
Da Utah State, biyar ka kwashe a jere.

Su ne suka ba ka wasa a 2024,
Da ba ka da abokin karawa, ka zauna a tsare.

Kukan da ka zo mana da shi a zaure,
Can ma akwai mai yin sa, kai ne ka tsere.

Yaya Ta-Berkeley
Kai! Wannan ta shiga. Ni dai ban ce komai ba.

Ɗan Pullman
Ba kyauta suka ba mu wasannin ba, biya muka yi. Amsarka na zuwa, Sarkin Ƙaho, bari in tashi daga aiki.

Autan Zaure
Malam, na gyara tawa, a duba min:

Ni ƙwallon ƙafa kaɗai na sani,
Taku ta hannu tana ruɗa ni,
Amma na gane duk inda aka sa talabijin da dala to maƙwabci sai ya zama wani,
Allah ya sa Malam ya yaba ni.

Malam Mai Aruli
Amsa-amo ya samu, Auta. Ɗango na uku ka raba shi biyu, ka ba Ɗan Pullman rabi ya sa kwanan wata.