Kaset ɗin farko: yadda za a cece shi

Hirar ta taso ne daga tambaya ɗaya a majalisarmu: wace waƙa ka fara saya da kuɗinka? Yawancinmu kaset ne, wasu na Shata, wasu na Ɗanƙwairo, daga Ƙofar Wambai ko hannun mai talla a tashar mota. Abin da ya taɓa ni shi ne da yawa har yau suna ajiye da nasu.

Nan hira ta koma shawara. An haɗu a kan cewa zafi da laima ke kashe kaset, don haka a ɗauke shi daga taga da cikin mota, a kuma nisanta shi da lasifika saboda maganaɗisu. Wanda ya daɗe a ajiye, a fara juya shi da biro a hankali, kada rediyo ta tauna zaren. A goge kan rikoda, wato ɗan ƙarfen da zaren ke bi ta kansa, da auduga da ɗan sifirit. Wani dattijo ya ce a ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset ɗin, don kada yara su ɗauki wata murya a kai.

An ɗan yi gardama kan kwafewa zuwa kwamfuta. Ni ina bayan masu cewa a kwafe yanzu, amma a riƙe kaset ɗin da kwalinsa.