Wardina ya ƙi hawa katanga, ganye sai ƙonewa yake

Mai tambaya: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Daga Zinder nake, unguwar Birni. Ina da wardi mai hawa guda biyu a gindin katangar tsakar gida, burina su lulluɓe ta a riƙa jin ƙamshi in an fito shan iska. Da hunturu har fure suka yi. Tunda bazara ta shigo kuwa ganyen ke ƙonewa ta baki-baki, furen tun bai buɗe ba yake bushewa. Ruwa safe da yamma ake zuba musu, wani lokaci har da na wanke-wanke, kun dai san tsadar ruwa a garin nan. Rassan kuma sun ƙi kama katangar, sai faɗowa suke. Don Allah me zan yi?

Wani mai garka a Mirya: Wa alaikumus salam. Hajiya, katangar ta laka ce ko ta siminti? Kuma yaushe rana ke dukanta?

Mai tambaya: Ta siminti ce, Malam. Daga azahar har faɗuwar rana tana cikin rana.

Mai garka: To ga ciwon nan. A watan Afrilu da Mayu zafinmu na wuce digiri 40, siminti ya sha rana yini guda, da dare kuma ya amayar da zafin a kan shukar. Ko bidon nawa kika juye ba zai hana ganyen gasuwa ba. Wardi hantsi yake so, kamar awa shida, sannan inuwa daga azahar. Amma kar ki tone su yanzu, mutuwa za su yi. Ki kafa musu ƴar rumfar zana ta tare ranar yamma, ki lallaɓa su haka. In sanyi ya shigo, wajen Nuwamba ko Disamba, sai ki mayar da su katangar da ke samun ranar safe. Rami ya kai santimita 50, ki ja shi baya da katanga kamar kamu ɗaya, ki cuɗa ƙasar da takin dabbobi wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake, ga kiran gara.

Wata daga Garin Malam: Ruwan wanke-wanken nan ki bar shi, yaya. Sabulu da gishirin da ke ciki taruwa suke a ƙasa. Ni tulu nake binnewa kusa da gindin, irin na Mirya wanda ba a shafe da komai ba, baki a waje. In cika shi in rufe da tsohon faranti, shi zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali daidai saiwa. Ruwan da nake kashewa ya ragu sosai. Yayyafin safe da yamma saman ƙasa kawai yake jiƙawa.

Wani malamin lakwal: Ni fa gaskiya zan faɗa, wahala ce kawai. Wardin da ake yi wa kirari da ƙamshi, irin na Ɗa'ifa a Saudiyya, kan tsaunuka masu sanyi ake nomansa. Mu da damina ke mana wata uku zuwa huɗu, ina mu ina shi? In ƙamshi ake nema a shuka lalle. Duk wanda ya wuce gindin lalle yana fure ya san zancen, kuma ba ya neman lallashi.

Wata daga Garin Malam: Malam, lalle ai ba ya hawa katanga. Ta ce wardi take so, a bar ta da abinta.

Mai garka: Malam na da gaskiyarsa, da bazara furen kan ƙanƙance, ƙamshin ya ragu, lokacin sanyi ne za ki more shi. Batun hawa kuma, Hajiya, wardi ba shi da abin kamawa, ɗaure shi ake. Ki ja waya layi-layi a jikin katanga, ki kwantar da manyan rassan a gicciye, ki ɗaure da tsumma ba tamau ba. Reshen da aka kwantar yakan yi toho a tsawonsa duka, kowane toho da furensa. Wanda aka bari ya miƙe, can ƙololuwa kaɗai yake fure. Shekara biyun farko kar ki sare manyan rassa, busasshe kawai za ki cire.

Ki kuma juya ganye ɗaya ki duba bayansa. In kin ga ɗigo-ɗigo da wata siririyar yana, wasu mitsi-mitsin ƙwari ne masu son zafi da ƙura. Ki riƙa wanke bayan ganyen da ruwa da sassafe, ki daka ƴaƴan bedi ki jiƙa su kwana, ki tace ki fesa da yamma.

Mai tambaya: Yanzu na duba, wallahi yanar na nan. Allah ya saka da alheri. Tulun fa, nisan nawa zan bari tsakaninsa da gindin?

Wata daga Garin Malam: Taƙi ɗaya ya isa. Ki tona a hankali dai kar ki datse saiwa.